Bindigar Gasar Harbi: Dokar Mallakarta, Kula da Ita da Hanyoyin Kauce wa Haɗari

Gabatarwa

Harbin allo da ƙaramar bindiga yana daga cikin wasannin motsa jiki da ake fafatawa a kansu a gasar Olamfik da sauran manyan gasanni na duniya. Wasa ne da yake bukatar natsuwa da haƙuri da tsayayyen hannu. Sai dai kayan da ake yin sa da shi makami ne, yana iya raunata mutum ko ya kashe shi, kuma doka ba ta ɗauke shi a matsayin kayan wasa ba. An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, game da yadda wannan bindiga take, da abin da dokar Nijeriya ta tanada a kanta, da kuma ƙa'idojin riƙe ta da tsabtace ta da adana ta.

Taƙaitaccen tarihin wasan

An sanya wasan harbi cikin gasar Olamfik ta zamani tun karon farko da aka yi ta a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896. Daga wannan lokaci sau biyu kawai aka yi gasar ba tare da shi ba, wato a 1904 da 1928. Hukumar da take tsara dokokinsa a duniya ita ce Hukumar Wasannin Harbi ta Duniya, wadda ake kira ISSF a taƙaice. An kafa ta a 1907, kuma hedikwatarta tana birnin Munik na ƙasar Jamus. A 1984 aka ware wa mata nasu rukunin, sannan a 1988 aka shigar da harbi da ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10.

Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu, wanda ya ci lambar zinariya huɗu a gasannin Olamfik na 2008 da 2012 da 2016, kuma a 2009 ya samu maki 594 daga cikin 600 da bindigar iska. A gasar Paris ta 2024, Manu Bhaker ta Indiya ta ci lambar tagulla biyu, yayin da Zorana Arunović da Damir Mikec na Sabiya suka ci zinariya a rukunin haɗakar mace da namiji. A nahiyar Afirka, birnin Alƙahira na Masar ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta manya da ƙananan bindigogi a 2022. A gida kuwa, Hukumar Wasannin Harbi ta Nijeriya ce take kula da harkar wasan.

Ire-iren bindigogin gasa

Ƙananan bindigogin da ake amfani da su a Olamfik iri biyu ne.

Ta farko ita ce bindigar iska ta mita 10. Wannan ba ta aiki da albarushi. Iska ce da aka matse a cikin wani ɗan tulun ƙarfe da yake ƙarƙashin bututunta take tura harsashin. Harsashin ɗan ƙwayar dalma ne mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa kimanin rabin giram, kuma ɗaya-ɗaya ake sa shi. Bisa dokar ISSF, nauyin bindigar ba zai wuce giram 1,500 ba, kuma kunamarta ba za ta tashi ba sai an danna ta da ƙarfin da ya kai giram 500, wato kwatankwacin nauyin ledar ruwan sha ɗaya. Ɗan wasa yana tsayawa da ƙafafunsa, ya riƙe bindigar da hannu ɗaya ba tare da ya jingina da komai ba, ya yi harbi 60 cikin minti 75. Da'irar tsakiyar allo, mai maki goma, faɗinta milimita 11.5 ne, kusan girman maɓallin riga. Mutum takwas da suka fi maki su ne suke shiga zagayen ƙarshe.

Ta biyu ita ce bindigar mita 25. Wannan tana aiki da harsashi mai albarushi, mai faɗin milimita 5.6, wanda ake kira .22, kuma ana sa mata harsashi biyar a lokaci guda. Nauyinta ba zai wuce giram 1,400 ba, kunamarta kuma dole ta ɗauki giram 1,000 kafin ta tashi. Maza suna gasar saurin harbi da ita, inda ake harbin alluna biyar a jere cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Mata suna yin harbi 30 a natse, sai wani 30 na sauri wanda ake ba kowane harbi daƙiƙa 3. A da akwai gasar mita 50 ta maza, amma an cire ta daga Olamfik bayan gasar 2016.

Fitattun kamfanonin da suke ƙera waɗannan bindigogi sun haɗa da Walther da Feinwerkbau na Jamus, da Steyr na Ostiriya, da Morini na Suwizalan, da Pardini na Italiya. Abin da ya bambanta su da bindigogin jami'an tsaro shi ne ƙotar da aka sassaƙa daidai da tafin hannun mai ita, da saiti mai sukurori da ake iya juyawa, da kuma kunama mai laushi ƙwarai. Wannan laushin kunama shi ne amfaninta a wurin gasa, kuma shi ne haɗarinta a hannun wanda bai samu horo ba.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Dokar da take kula da mallakar bindiga ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda take a Babi na F28 na Kundin Dokokin Tarayyar Nijeriya na 2004. Dokar ta kasa bindigogi gida uku:

1. Bindigogin da aka haramta. A nan ne aka sanya manyan makaman yaƙi da bama-bamai da bindigogi masu sarrafa kansu, haka kuma da fistol da libarba. Babu mai ikon ba da lasisin mallakarsu sai Shugaban Ƙasa. Bindigar gasa ta mita 25 fistol ce, saboda haka a wannan rukuni ta faɗo, duk da cewa don wasa aka ƙera ta.

2. Bindigogin amfanin kai. Sun ƙunshi wasu bindigogin farauta da kuma bindigogin iska, manya da ƙanana. Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne yake ba da lasisinsu. Bindigar iska ta mita 10 a nan take. Don haka kuskure ne a ɗauka cewa bindigar iska ba ta bukatar lasisi saboda ba ta da albarushi.

3. Bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta mafarauta. Sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda raunin ganinsa ya sa bai dace da riƙe bindiga ba, ko mai ɗabi'ar shaye-shaye da rashin kamun kai, ko wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali ko barazanar yin sa cikin shekaru biyar da suka gabata. Ko da mutum ya cika dukkan sharuɗɗa, hukuma tana da ikon hana shi, domin lasisi izini ne da ake bayarwa bisa ganin dacewa.

Har ila yau, dokar ta shafi harsashi kamar yadda ta shafi bindiga. Saye da sayarwa sai ta hannun dillalin da yake da rajista. Shigo da bindiga daga waje sai da izini, kuma ta mashigar da aka amince. Ƙira da gyara ma sai a wurin da hukuma ta yarda da shi. Mai lasisi shi ne yake da alhakin tsare bindigarsa a kowane lokaci, kuma idan ta ɓace ko aka sace ta ko ta lalace, wajibi ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisin cikin kwana 14. Lasisi na wanda aka rubuta sunansa ne shi kaɗai. Ba a aronsa, ba a gadonsa.

Hukuncin mallakar bindigar rukunin farko ba tare da lasisi ba shi ne ɗauri na aƙalla shekara goma. Na rukuni na biyu yana iya kaiwa shekara biyar. A watan Agusta na 2023, rundunar 'yan sandan Nijeriya ta ba da sanarwar dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. A 2024 kuma aka sanya hannu a kan dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar ƙasa mai wannan aiki, da take ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, cikakken matsayi a doka. Nijeriya tana kuma cikin yarjejeniyar ECOWAS ta ƙananan makamai da aka ƙulla a Abuja a 2006. Saboda haka, duk mai sha'awar wannan wasa ya fara da tuntuɓar hedikwatar 'yan sanda ta jiha da hukumar wasanni, kafin ya biya kowa ko sisin kwabo.

Ba Nijeriya kaɗai ce take tsananta wannan doka ba. Bayan kisan yara 'yan makaranta da aka yi a garin Dunblane na Sikotlan a 1996, Birtaniya ta haramta wa jama'a mallakar fistol mai harsashi a 1997, har da ta gasa, abin da ya sa 'yan wasanta suka riƙa fita ƙasashen waje domin yin atisaye. A Jamus kuma, sai mutum ya shekara guda yana atisaye a ƙungiyar harbi, ya ci jarrabawar sanin makami, ya kuma tanadi akwatin ƙarfe na ajiya, kafin a ba shi izinin mallaka.

Ƙa'idojin riƙe bindiga

Haɗurran bindiga da dama suna faruwa ne da wadda aka zaci babu harsashi a cikinta. Domin haka masu horarwa suka dage a kan waɗannan ƙa'idoji:

1. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, har sai mai riƙe da ita ya buɗe ta ya duba da idonsa. Maganar wani cewa babu komai a ciki ba hujja ba ce.

2. Kada a nuna bakin bindiga ga mutum ko dabba, ko da wasa, ko da kuwa an tabbatar babu harsashi.

3. Kada yatsa ya hau kunama sai an ɗaga bindiga an auna allo.

4. A san abin da ake harbi da abin da yake bayansa. Harsashin .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma iya dukan dutse ko ƙarfe ko ruwa ya kauce ya nufi wani wuri. Ƙwayar bindigar iska ma tana fasa ido, tana huda fata.

5. Cire gidan harsashi bai isa ba. A bindigar mita 25, harsashi ɗaya yana iya saura a cikin bututu bayan an zare gidan, don haka sai an ja makullin baya an leƙa.

6. Ba a miƙa wa wani bindiga sai a buɗe, babu harsashi, bakinta yana kallon inda babu kowa.

7. Ba a taɓa bindiga cikin fushi, ko cikin maye, ko bayan shan maganin da yake sa barci.

A filin harbi

Atisaye ana yin sa ne a filin da hukuma ta amince da shi, mai tudun ƙasa ko katangar da take tare harsashi. Bayan gari da gona da makiyaya ba wuraren gwada bindiga ba ne, domin manoma da makiyaya da yara masu itace suna ratsa su a kowane lokaci.

A filin harbi, jami'in fili ne mai faɗa a ji. Ba a fitar da bindiga daga akwatinta sai da izininsa, ba a sa harsashi sai ya ba da umarni, kuma da zarar ya ce a tsaya, kowa zai tsaya nan take, ya cire harsashi, ya ajiye bindiga. Dokar ISSF ta wajabta sanya alamar aminci mai launin ruwan lemo ko wani launi mai haske a duk bindigar da ba a harbi da ita. A bindigar iska, igiyar roba ce ake zurawa ta ratsa bututun gaba ɗaya har ta fito ta baki, domin kowa ya gani cewa babu ƙwaya a ciki. Babu mai taɓa bindiga muddin akwai mutum a gaban layin harbi.

Idan aka danna kunama harsashi bai tashi ba, kada a juyo da bindigar domin dubawa. A bar bakinta yana kallon allo, a ɗaga ɗaya hannun a kira jami'i, domin wani harsashin yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Haka kuma idan aka ji ƙarar harbi ta yi rauni fiye da yadda aka saba, a dakata, don mai yiwuwa harsashi ya maƙale a bututu, kuma sake harbi a kansa yana iya kumbura bututun ko ya fasa shi.

Tsabtacewa da gyara

Kafin a fara shara, a tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, a kuma kawar da kwalin harsashi daga inda ake aikin.

Bindigar mita 25 tana tara baƙin albarushi da kakin da ake shafa wa harsashi. Bayan kowane atisaye a goge mazaunin harsashi da fuskar makulli da gidan harsashi da ɗan buroshi da tsumma mai tsabta. Idan za a share bututu, a shigar da sandar shara ta baya ta fito ta gaba, a kuma kiyaye gefen bakin bututun, domin ɗan ƙwarzane a wurin yana ɓata saiti. Man bindiga ɗigo kaɗan ake sa wa inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Idan ya yi yawa, ƙura yake kamawa. Kada a riƙa danna kunamar bindigar .22 babu harsashi, domin allurar tana dukan gefen mazaunin harsashi ta lalata shi, sai dai idan an sa toshiyar roba da aka yi don wannan atisaye.

Bindigar iska ba ta tara datti sosai. Akan share bututunta da ƙwayoyin auduga na musamman ko da igiyar shara. Wurin da ya fi bukatar lura shi ne tulun iskar, wanda akasari ake cika shi har zuwa ma'aunin matsi na ba 200. Kada a wuce adadin da aka rubuta a jikinsa. Iska mai tsabta, busasshiya, ita kaɗai ake ɗura masa. Ɗura masa iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda, ko sa man fetur ko man inji a bakinsa, yana iya haddasa fashewa. Kowane tulu yana ɗauke da kwanan watan ƙirarsa, kuma dokar ISSF ta hana amfani da wanda ya wuce shekara goma. Wanda ya lotse ko ya yi tsatsa, a juye iskarsa a daina aiki da shi.

Yanayin ƙasarmu ma abin lura ne. Da hunturu ƙura tana shiga kunama da saiti, don haka a riƙa rufe akwati da zarar an gama. Da damina danshi yana kawo tsatsa yana kuma kumbura ƙotar katako, sai a riƙa goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, a sa ƙunshin maganin danshi a akwati. Da bazara kada a bar bindiga ko tulun iska ko harsashi a cikin motar da take rana, domin zafi yana ƙara matsin iskar. Duk gyaran da ya wuce shara da juya sukurorin saiti, aikin ƙwararre ne mai izini. Kai ta wurin maƙeri ko mai walda haɗari ne, kuma saɓa wa doka ne.

Ajiya da tafiya

A ajiye bindiga babu harsashi a cikin akwatin ƙarfe mai makulli da aka kafe a bango ko a ƙasa. Harsashi a kulle shi a wani wuri dabam, mai sanyi, busasshe, nesa da murhu. Mabuɗi ya kasance a hannun mai lasisi kaɗai. Ƙarƙashin katifa da saman sif ba ma'ajiya ba ne, domin babu inda hannun yaro ba ya kaiwa. A rubuta lambar bindigar a adana tare da kwafin lasisi, kuma a guji tallata cewa akwai bindiga a gida, don kada a jawo hankalin ɓarayi.

Idan za a je filin atisaye, a ɗauke ta a kulle cikin akwatinta, tare da lasisi da katin shaida. A shingen bincike, a sanar da jami'ai tun kafin su buɗe kaya, kuma kada a kai hannu ga akwatin sai sun ba da izini.

Kiyaye lafiya

Ƙarar bindigar .22 tana iya lalata ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, saboda haka toshiyar kunne wajibi ce ga mai harbi da na kusa da shi. Tabarau mai ƙarfi yana kare ido daga ɓarɓashi. Bugu da ƙari, harsasan gasa na dalma ne, kuma dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara da mata masu juna biyu. Annobar gubar dalma da ta auku a jihar Zamfara a 2010 ta dalilin sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, wadda ta kashe yara kimanin 400, ta nuna irin ɓarnar da ƙurarta take yi. Kada a sa ƙwayar harsashi a baki, kada a ci abinci a wurin harbi, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma kada a bari yara su tsinci ragowar dalma su yi wasa da ita.

Nauyin da ya rataya a wuyan shugabanni

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni da su fahimtar da jama'arsu cewa babu wani basarake ko jami'in ƙaramar hukuma ko shugaban ƙungiyar sintiri da yake da ikon ba da izinin mallakar fistol ko bindigar iska. Takardar shaidar zama ɗan ƙungiyar wasanni ma ba ta maye gurbin lasisi. Idan mai lasisi ya rasu, magada su gaggauta sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa domin a kai bindigar ma'ajiyar makamai ta gwamnati, kada a sa ta cikin kayan rabon gado. Wanda ya tsinci bindiga ko harsashi kada ya ɗauka, ya hana yara matsowa, ya kai rahoto. Haka nan a ja kunnen jama'a game da harbi sama a wuraren biki, domin harsashin da ya hau sama dole ya sauko.

Matasan da suke da sha'awar wannan wasa su nemi bayani a ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ko ofishin wasanni na ƙaramar hukumarsu. Don ƙarin bayani game da lasisi kuwa, sai a tuntuɓi hedikwatar rundunar 'yan sanda ta jiha.